Tari a Ɗakin Gilashi

Daga ɗakin keɓewa, sashen yara

Zuwa ga Maman Balbela,

Sallama irin wadda tsawon hanya ba ya gajiyar da ita, tare da gaisuwa mai tarin yawa daga ni da 'yarki. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, sanyin ɗakin sarrafa kifi bai kama miki gaɓoɓi ba. Mu nan sai godiyar Allah. Balbela ta karɓi kashin farko na babban maganin. Wuyanta ya ƙara tsawo, ƙafafunta sun ƙara sirancewa, har sunan da kika laƙaba mata tun tana rarrafe ya zauna mata fiye da da.

Za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali muna gaisawa ta waya. Ɗaki ɗaya ne, kunnen 'yarki kuwa ko numfashina ne ya sauya sai ta ji. Abin da nake faɗa miki ta waya nata ne. Abin da ke namu sai a takarda, idan maganin rana ya sa ta barci.

Likita ya ce maganin da ke yaƙar ciwon jininta ba ya bambance ɓarawo da mai gadi. Ya rushe garkuwar jikinta gaba ɗaya, ta yadda murar da ni da ke za mu kora da shayi mai zafi tana iya yi mata kwanciyar da ba ma fata. Shi ya sa aka kawo mu nan. Ƙofofi biyu ne tsakaninmu da sauran bayin Allah, da ɗan lungu a tsakiyarsu inda ake wanke hannu, a ɗaura takunkumi, a sa safar hannu. Bango ɗaya gilashi ne mai kallon baranda. Taga ba ta buɗuwa. Duk abin da zai shigo sai an goge shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, tsohuwar takarda kuwa ba ta goguwa. Ki duba ikon Allah: ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina ɗaurin littattafai, yau ina zaune a ɗakin da aka hana littafi shiga. Wasiƙarki ma sai an rufe ta a farar leda an goge kafin ta iso hannuna.

Ɗakinmu fari ne, ba ƙura ba ƙanshi,
Duniya na wucewa a bayan gilashi,
Muna kallon ta kamar masu jin ƙishi
Da aka nuna wa kogi, aka ce kar su taɓa shi.

Babbar dokar ita ce wannan: mai jinya ɗaya aka yarda da shi, ba ya fita ya dawo, kuma ranar da ya yi tari ko atishawa, ranar zai tattara ya fita.

Ma'aikatan duk fuskokinsu a rufe suke, don haka Balbela ta raɗa musu suna da abin da takunkumi ya rage. Akwai wata nas mai shekaru kamar na yayarki da take kira Anti Gira, domin da gira take dariya, da gira take faɗa. Matar nan ba ta taɓa shigowa ta nufi injin ƙarin ruwa kai tsaye ba. Sai ta durƙusa daidai tsawon gado, ta gaishe da yarinyar, ta nemi izininta kafin ta ɗaga mata riga, kamar tana gaban babbar mace. Da ta ji inda kike aiki, sai ta hura safar hannu, ta zana mata ido da baki, ta ce ga ɗaya daga cikin kifayen Mama ya gudo ya zo gaisuwa.

Duk da haka, idan za a sauya filastar robar da aka dasa mata a ƙirji, ko za ta haɗiye maganin nan mai ɗaci, babu wanda take yarda da shi sai ta damƙe babban yatsana. Yatsan da ya yi shekara da shekaru yana danna bangon littafi, ashe aikinsa na gaskiya yana nan yana jiran sa.

Ni lafiyata lau, in ban da tsohon baƙon nan nawa da ya fara susar maƙogwarona da safe.

Naki, a bakin gadon 'yarmu,
Baban Balbela

*

Daga masaukin ma'aikata

Zuwa ga Maigida, Baban Balbela,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ina gaishe ka da ɗawainiya, ina gaishe da mai jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai dai yatsu da suka tsattsage saboda ƙanƙara.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Baitocinka sun yi daɗi, har na karanta wa maƙwabciyar gadona ta ce mijin naki malami ne ko mawaƙi. Amma Maigida, na gama ban san ko yarinyar ta ci abinci ba. Don Allah ka ajiye mini kogi da ƙishi a gefe ka faɗa mini: tana ci? Tana amai? Gashinta ya fara zuba? Tana tambaya ta, ko ta daina?

Na sake zuwa wurin shugabar sashenmu a kan maganar hutu. Ta ce ta tausaya mini, amma wanda ya tafi kafin ƙarshen kakar kifi ya tafi ke nan. Ka kuma sani da sunan aikin nan asibitin ya karɓi Balbela. In na taho na rungume ta, na cire ta daga gadon da hannuna. Haka nake yini, da hula da takunkumi da safar hannu kamar ku, ina jera kifi a kwali, ina ce wa kaina wannan ma jinya ce.

Maganar maƙogwaro kuwa, ai na san shi tun muna amarya da ango. Tarin ƙurar takarda ne, wanda ke tashin ka duk safiya, ya sake ka kafin hantsi. Bai taɓa kama ni ba, bai taɓa kama ta ba. Kada ka kuskura ka faɗa wa ma'aikatan. Su doka suka sani, ba su san ka ba. In suka fitar da kai, wa zai zauna? Mahaifiyarka ba ta iya tsayuwa, yayata tana da goyo. Yarinyar da ko banɗaki ka shiga sai ta kira ka, a bar ta ita kaɗai a cikin kwalba? Ka riƙa kurɓar ruwan ɗumi, ka danne shi. Zai wuce kamar yadda ya saba.

Ka sumbace mini goshinta, in dokarsu ta yarda.

Taka,
Maman Balbela

*

Daga ɗakin keɓewa

Zuwa ga Maman Balbela,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya warkar da yatsun da suke ciyar da mu daga nesa. Saƙonki ya iso cikin ledarsa, yana sheƙi kamar kifin da kika ce kina jerawa.

Ga amsoshinki tsirara, ba ado. Tana ci kaɗan, shinkafa mai laushi da burodi jiƙaƙƙe, domin bakinta ya yi miki. Aman ya ragu. Gashin ya zuba. Tana tambayar ki kullum. Sumba kuwa an hana, sai dai na ɗora mata tafin hannu a goshi na ce daga gare ki ne.

Ranar da gashin ya fara biyo matashin kai, ni na rikice na fara yi mata wani dogon bayani a kan bishiyoyin da ke kaɗe ganye su sake toho. Anti Gira ta bar ni na kai aya, sannan ta tambayi yarinyar ko tana so ta jira ya zube da kansa, ko su aske shi yau su huta. Balbela ta zaɓi aski. Nas ɗin ta miƙa mata madubi ta riƙe da kanta, ta riƙa tambayar ta daga ina za a fara. Da aka gama, 'yarki ta dubi kanta ta ce yanzu ta zama ƙwan balbela. Ni kaɗai na yi kuka a ɗakin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baƙon nan bai tafi da hantsi ba. Ya sauka daga maƙogwaro ya yi shimfiɗa a ƙirji. Na bi shawararki. Idan na ji ya taso, sai in shige banɗaki, in ja ƙofa, in buɗe famfo har ƙarshe, in toshe bakina da tawul. Ina fitowa in wanke hannu har fata ta yi ja. Ina ta maimaita wa kaina maganarki cewa tarin ƙurar takarda ne. Sai dai wata murya tana tambaya ta: ina ƙurar take a ɗakin da ake gogewa safe da yamma?

Baƙon maƙogwarona, don Allah ka kwanta,
Kar ka ɗaga kai a inda take barcinta,
In gida kake nema, ƙirjina ya wadata,
Ka bar mini nata, ka bar mini numfashinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kirkin matar nan. Ta lura abincina yana komawa yadda ya zo. Ba ta yi mini wa'azi ba, sai ta kawo shayi ta ce ita a aikinta marasa lafiya biyu take da su a kowane ɗaki, ɗaya a kan gado, ɗaya a kan kujera, kuma na kan kujerar ya fi taurin kai. Na karɓi kofin ina riƙe numfashi don kada tarin ya kubce a gabanta.

In na yi magana, na bar 'yata ita kaɗai. In na yi shiru, ban san abin da nake hura mata ba. Bangon nan huɗu sun matso. Ba zan ɓoye miki ba, akwai lokacin da nake tuna shagona, ƙanshin manne da zare da tsohuwar fata, in ji ina ma ƙofofin nan biyu su buɗe in fita ko sau ɗaya in yi tari kamar ɗan adam.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Baban Balbela

*

Daga masaukin ma'aikata

Baban Balbela,

Sallama. Ina fatan yarinya tana samun sauƙi. Lafiyata ba ita ce abin tambaya ba yau.

Na kira, ba kai ka ɗauka ba. Wata mata ce ta riƙe wa Balbela wayar. Muryar yarinyar a dishe take kamar wadda ta yini tana kuka, na tambaye ta ina Baba, ta ce yana waje, ta ƙi ƙara ko kalma. Kafin in nemi bayani wurin matar, aka buga mana ƙararrawar komawa aiki. Tun daga nan ba wasiƙa, in na kira kuma wayarka a kashe.

Na ɗauko wasiƙarka ta ƙarshe na sake dubawa, sai idona ya tsaya a inda ka ce kana kewar shagonka, kana fatan ƙofofi su buɗe ka fita. To, sun buɗe ke nan? Kai ka rubuta mini da hannunka cewa wanda ya fita ba ya dawowa. Ni ina nan a daskare, ko kwana ɗaya ban ce na gaji ba. Kai da aka ba ka abin da nake roƙon Allah Ya ba ni, ka zauna kusa da ita, ƙanshin manne ne ya fitar da kai?

In na zalunce ka, ka faɗa mini. In ban zalunce ka ba, kada ka amsa mini da waƙa.

Maman Balbela

*

Daga benci, a barandar sashen yara

Zuwa ga Maman Balbela,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Allah Ya sanyaya miki zuciya kafin wannan ta iso. Wasiƙarki ta zo mini ba leda, domin yanzu ina ɓangaren da takarda ba ta da laifi. Kin zalunce ni, amma shirun da na yi ne ya ba ki wuƙar, don haka ban riƙe ki ba. Wayar tana ciki wurin yarinya, ni kuma kunya ta hana ni rubutu.

Ga yadda aka yi. Anti Gira tana auna zafin jikin Balbela, suna hira irin tasu, sai yarinyar ta ce mata a kira mai gyara, domin famfon banɗakinmu ba shi da lafiya, duk sanda Baba ya buɗe shi sai ya yi ta tari. Girar matar ko motsi ba ta yi ba. Ta ce za ta duba famfon, ta gama aikinta a natse, sannan ta ce in zo in taya ta ɗaukar wani abu a lungun da ke tsakanin ƙofofi.

Da ta rufe ƙofar ciki, sai ta tambaye ni tun yaushe. Na fara kawo mata tarihin ƙurar takarda. Ta saurare ni, ta ce mai yiwuwa hakan ne, amma ita ba za ta sa ran yarinya a kan mai yiwuwa ba. Na roƙe ta. Maman Balbela, ni da ban taɓa durƙusa wa mahaluki ba, na durƙusa a lungun da ko tabarma ba zai ɗauka ba. Na ce zan sa takunkumi biyu, zan kwana a banɗaki, zan daina numfashi in ta ce in daina.

Ta ce, “Baban Balbela, na san ba mugunta ce ta sa ka ɓoye ba. Duk uban da na fitar ta ƙofar nan, so ne ya sa shi ɓoyewa. Amma ba za ka koma ciki ba yau. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne, ba za ta farka ta ga ɗaki babu kowa ba.”

Ko sallama ban yi wa 'yata ba. Ta gilashi na ga an faɗa mata. Ta fizge hannu, ta yi jifa da kofi, ta kira ni har muryarta ta mutu, sannan ta juya wa duniya baya ta fuskanci bango. Ta ƙi magani. Ta ƙi kowa ya taɓa filastar.

An gwada ni. Ba ƙurar takarda ba ce. Ƙwayar cuta ce a ƙirji, an ɗora ni a kan magani, an ce sai ta bar jikina sarai kafin a sake maganar shiga. Na zauna a bencin nan ina tafasa, har na tsara wa nas ɗin baitoci na zambo masu kaifi, na kira ta mai gadin kurkuku. Ina ɗaga kai na hango ta a ciki, lokacin tashinta ya wuce, tana zaune a ƙasa kusa da gadon, tana jiran yarinyar da ta ƙi kallon ta. Na yayyaga takardar.

Sai kuma zazzaɓi ya zo wa Balbela. Na ga sun shiga da sauri, na ga sabbin robobi a jikin ƙarfen ƙarin ruwa. Da Anti Gira ta fito na tare ta, na ce ta faɗa mini don girman Allah ko ni ne. Ta ce yara da yawa suna yin wannan zazzaɓin a daidai wannan mataki ko da iyayensu lafiya lau suke, amma ba za ta rantse mini cewa ba ni ba ne, domin ba ta sani ba, likita ma bai sani ba tukuna. Na so ta yi mini ƙarya. Da ta yi, da ba zan ƙara yarda da ita ba idan ta ce da sauƙi.

Ƙofofin sun buɗe kamar yadda na yi fata, kuma ko matakalar bene ban sauka ba. Ina nan, tsakanina da ita gilashi, ina kallon ƙeyarta.

Naki,
Baban Balbela

*

Daga masaukin ma'aikata

Zuwa ga Maigida,

Sallama, da gaisuwar mai jin nauyi. Yaya ƙirjin? Kana shan maganin a kan lokaci? Yaya zazzaɓin yarinya?

Ka yafe mini abin da na rubuta. Shawarar dannewa kuma daga bakina ta fito, kada ka ɗauki kayan kai kaɗai.

Da na gama karanta wasiƙarka na haɗa jakata. Na kai har bakin ƙofar masauki. Maƙwabciyar gadona ta biyo ni ta ce in tsaya in ja numfashi ta hanci ta ji. Maigida, kowa a ɗakin sanyin nan da mura yake yawo, ni ma haka. Ko na iso, a bencinka za su ajiye ni, mu zama mu biyu muna kallon ƙeyarta, kuma babu aikin da ke riƙe mata gadon. Na dawo da jakar, amma ban kwance ta ba.

Kai ne idona a can. In ka ga abin ya kai inda uwa za ta zo ko da ta bayan gilashi ne, ka ce in zo, zan zo ko me zai biyo baya. In ka ce in zauna, zan zauna. Abu ɗaya nake so in sani kafin nan: ta sha maganin? Wa take riƙewa?

Ka gaishe mini da matar nan. Ban san da wane baki zan gode wa wadda ta kori mijina ba, amma ka gaishe ta.

Taka,
Maman Balbela

*

Daga benci, a barandar sashen yara

Zuwa ga Maman Balbela,

Sallama mai sanyi, da gaisuwa daga uba mai tari da 'ya mai mulki. Ƙirjina ya fara sakewa, ko da yake har yanzu ba a ba ni izinin shiga ba. Ki kwance jakarki. Zazzaɓin ya sauka. Gwajin bai nuna daga ina ya zo ba, kuma an ce mai yiwuwa ba za mu taɓa sani ba. Zan zauna da wannan.

Ta sha maganin. Tunda ta ƙi juyowa daga bango, sai Anti Gira da abokan aikinta suka juya bangon. Suka kwance wayoyi, suka ja injin, suka tura gadon da ita a kai, har ɓangaren da take fuskanta ya zama gilashin. Ta buɗe ido ta gan ni. Ta harare ni harara irin taki, ta sake rufewa, amma ba ta juya ba.

Maganar filasta ta ɗauki lokaci. Nas ɗin ba ta miƙa mata nata yatsan ba, ta ce ta san ba irin na Baba ba ne. Sai ta sa wa yarinyar safar hannu, ta nuna mata bakin filastar, ta ce ita ce za ta ɓare da kanta, a hankali ko da sauri, yadda ta ga dama, ita kuwa za ta zama mataimakiya. Na tsaya ina kallon 'yarki tana kuka tana ɓarewa, tana ba babbar nas umarni ta kawo auduga. Ba ta riƙe kowa ba, hannayenta biyu suna da aiki. Alkawarin kuma an cika shi. Sun raba zaman a tsakaninsu, har mai shara takan daɗe tana goge abin da ta riga ta goge idan ta ga nas ta fita.

Ni ne na zama matsalarsu. Ban tashi daga bencin nan ba sai don alwala. Anti Gira ta ce in je gida in yi wanka in kwanta a kan katifa, na ce to, ban tafi ba. Ta ce in sauka ko tsakar asibiti ne in sha iska, na ce to. Ƙafata ta ƙi. Gani nake ina juya baya wani abu zai faru.

Da ta ga haka, sai ta daina yi mini magana. Ta shiga ciki, na ga suna ƙus-ƙus da yarinyar. Can sai ta danna 'yar na'urar magana da ke jikin gilashin, muryar Balbela ta fito, karo na farko da ta yi mini magana tun ranar da aka fitar da ni.

Ta ce, “Baba, ni ba na ganin komai ta tagar nan sai bangon wani gini. Ka je bakin titi ka gano mini abin da ake yi, ka zo ka faɗa mini. Kar ka yi ƙarya, Anti ta san titin.”

Na dubi nas ɗin. Girarta tana can sama, wai ita ba ruwanta.

Na sauka. Hasken rana ya mare ni a bakin ƙofa, hayaniya ta cika mini kai. Na tsaya a gefen titi na yi tari son raina, babu wanda ya ko waiwayo. Sannan na shiga aikin da aka aiko ni. Na ga mai sayar da lemo yana fere ɓawo a zare ɗaya ba ya tsinkewa. Na ga mai faci ya tsoma taya a ruwa yana neman inda take kumfa. Na ga wata mata tana jan yaro da bai son tafiya, takalminsa ɗaya a hannunta. Na ga kyanwa tana barci a kan kujerar wani babur, mai babur ɗin yana tsaye yana jiran ta tashi. Na haddace su duka, ina hawa bene ina jera su, ina yi musu kwalliya.

Na tsaya gaban gilashi na zuba mata rahoto, da ƙarin gishiri daidai gwargwado. Ta saurara ido a lumshe. Da na gama sai ta tambaye ni kyanwar wace kala ce.

Wallahi ban duba ba.

Ta juya ta dubi Anti Gira, ta ce kin gani ko, shi ya sa Mama take cewa Baba yana ganin komai ban da abin da aka aike shi. Nas ɗin ta riƙe ƙarfen gado tana dariya har takunkuminta yana rawa. Sannan 'yarki ta ɗaga siririn hannunta ta nuna mini hanyar bene.

Ki zauna, Maman Balbela, ki riƙe aikinki. Ba ita kaɗai ba ce. Na koma titin, kuma mai babur yana nan yana jira. Kyanwar ruwan toka ce, da farin tabo a kunnen hagu.

Naki, ɗan aiken 'yarki,
Baban Balbela